Alƙahira A Lokacin Girbin Shinkafa

Takunkumin rufe hanci guda 10 na fara sakawa a jaka, tun kafin tufafi, ranar da bizar Masar ta fito. Maiɗakina ta gani ta ce, "Malam, ai korona ta wuce." Na ce mata Alƙahira za ni a watan Oktoba, kuma na san abin da ke jirana.

A 2002 na san shi. Ni na raka Inna, Allah ya jiƙanta, aikin yanar ido, muka yi kwana 19 a wani gidan haya a unguwar Abbasiyya, hawa na biyar. Da rana hayaniya ce kawai da zafi. Amma da an idar da sallar magariba sai wani ƙauri ya sauko wa garin, irin na gonar da aka cinna wa wuta, ya cuɗe da hayaƙin mota da na bola. Daren farko Inna ta tashe ni ta ce, "Tashi ka duba, gidan wani na ci." Na leƙa taga. Babu wuta, babu kuma tauraro ko ɗaya, sai fitilun titi, kowace da ɗan jan hazo kewaye da ita. Da safe in na share fuskata da farin hankici sai ya dawo toka-toka. Idon da muka je nema ya buɗe, alhamdu lillahi, amma tarin da Inna ta kwaso ya biyo mu har Kano, ya yi wata biyu bai sake ta ba. Mutanen garin suna ce wa abin "sahaba sauda", wato baƙin gajimare. A 1999 ya fara rufe birnin, daga nan ya zama baƙon kowace kaka.

Shekara 22 ban sake taka ƙasar ba. Abin da ya mayar da ni ɗan yayana ne da ke karatu a Jami'ar Azhar. Mahaifinsa ƙafa ta matsa masa, sai 'yan'uwa suka ce in je in gano yaron. Na sauka a ƙarshen Oktoban 2024, daidai lokacin da na fi tsoro.

Daren farko na ce ya kai ni saman benensu. Muka shimfiɗa darduma, ya kawo shayi da na'ana'a, ni kuwa hancina na baza ina jira. Aka yi isha'i, aka kai goma, aka kai sha ɗaya. Warin man mota yana nan, ƙura tana nan, ana jin ta a haƙori. Ƙaurin nan ne bai zo ba. Daga inda nake ina hango fitilun tsaunin Muƙaɗɗam ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa gani ba a wancan zuwan. Yaron ya ce, "Baffa, me kake shinshinawa?" Da na ba shi labarin kakarsa sai ya yi shiru, can ya ce shi a shekarunsa huɗu a garin sau ƙalilan ya ji abin da nake faɗa, shi ma sama-sama.

Washegari ya haɗa ni da wani abokin karatunsa ɗan lardin Sharƙiyya, wanda mahaifinsa manomin shinkafa ne. Shi ya warware min zaren. A yankin da kogin Nilu ya rarrabu kafin ya faɗa teku, lardunan Sharƙiyya da Daƙahliyya da Kafrusshaikh da maƙwabtansu, ana girbe shinkafa a Satumba da Oktoba, kuma gonar ba ta hutawa. Alkama na jira, ciyawar dabbobi da suke ce wa barsim na jira. Manomi ga tulin karan shinkafa a gabansa, ba shi da motar kwashewa, ba shi da mai saye, ashana kuwa ba ta da tsada. Sai ya kyasta. Idan manoma dubbai suka kyasta a mako guda, iskar arewa ta ɗebo hayaƙin ta nufo birni da shi. A daidai wannan lokaci na shekara kuma, da dare ƙasa kan huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfin tukunya. Duk abin da ya shigo ba ya fita: na gona, na mota, na masana'anta, na bola, duk a ƙirjin mutum sama da miliyan 20 na birnin da kewayensa.

Na tambaye shi, tara ce ta hana su? Ya ce tara tana nan, ana kuma gano wutar gona daga tauraron ɗan'adam a biyo mutum har gida, amma abin da ya sauya zuciyar mahaifinsa kuɗi ne. Gwamnati ta buɗe wuraren tara kara, ta taimaka wa matasa da injinan matse shi, ana ɗaure shi dami-dami masu kusurwa huɗu, a sayar wa masu kiwo da masu haɗa takin gargajiya. Ya ce, "Ya Hajj, wa zai ƙona abin da ake saye?" Maganar ta zauna min. Shekara da shekaru ana wa manoma wa'azi a rediyo bai yi aiki ba, sai da aka samar wa karan kasuwa.

Sauran sauye-sauyen na titi ne, kuma ido na ganin su ba sai an nuna ba. Tasin da na sani masu launin baƙi da fari, tsofaffin Fiat da Lada da Peugeot 504 masu tafiya suna barin baƙin layi a bayansu, sun ɓace. Dokar hanya ta 2008 ta hana tasin da ya wuce shekara 20, shekarar da ta biyo baya aka fara karɓar tsofaffin ana ba masu su sababbi farare da bashin banki, da yawa kuma iskar gas suke sha. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, na farko a Afirka, na bar shi da layi biyu. Yanzu akwai na uku, kuma ta Abbasiyya ya bi, ta ƙarƙashin titin da ni da Inna muka taɓa yin sa'a guda cur a cunkoso tana riƙe da mayafi a hanci. Na shiga na zauna, minti kaɗan sai ga mu a tsakiyar gari.

Kada a ɗauka gari ya koma aljanna. Ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙin da ke shiga huhu har yanzu sun ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau da yawa, shi ya sa a 2020 ƙasar ta ci bashin dala miliyan 200 daga Bankin Duniya saboda iskar Alƙahira kawai: motocin safa masu lantarki, gyaran jujin shara, na'urorin auna iska. Ranar da muka ratsa dandalin Ramsis da la'asar sai da na ciro takunkumina.

Rana ta uku muka hau lambun Azhar, kuma nan ne tafiyar ta fara zama wani abu daban a wurina. Na san wurin. A 2002 wani direba ya bi da mu ta gefensa, ya nuna min manyan motoci suna kwasar ƙasa a kan wani tudu, ya ce wai lambu za a yi. Tudun nan juji ne. Shekara kusan 500 mutanen birnin suna zuba shara da ɓaraguzan gini a wurin har ya zama tsauni. Gidauniyar Aga Khan ce ta ɗauki aikin, ta kashe kusan dala miliyan 30, aka buɗe shi a 2005, faɗinsa hekta 30. Yanzu dabino ne jere, da magudanan ruwa na dutse, da ciyawa shar. Na ga magidanta sun baje abinci a ƙarƙashin itatuwa, na ga amarya da ango ana ɗaukar su hoto, na ga wani tsoho shi kaɗai a benci da carbinsa ya rufe ido yana jan numfashi a hankali. Ana biyan kuɗin shiga, wannan kuwa na san yana tsayar da wasu a ƙofa. Duk da haka yawancin waɗanda na gani ciki ba masu hali ba ne.

Da ake haƙa jujin sai aka ci karo da abin da shara ta haɗiye: ganuwar da aka soma ginawa a zamanin Salahuddin Ayyubi, a ƙarni na 12, tsawon fiye da kilomita guda, da hasumiyoyinta da ƙofofinta. Sharar da ta binne ta ita ta adana ta. Na sauka har gindinta na ɗora tafina a kan dutsen. Ni mutumin Kano ne, ba zan iya tsayawa gaban ganuwa ban tuna da badala ba, yadda na san ta ina yaro muna hawa muna gangarowa, da yadda ta koma yau, nan an yanka an yi shago, can ta zama wurin zubar da leda. Na daɗe a wurin ban ce komai ba, har yaron ya taɓa ni.

Ta wata ƙofa a jikin ganuwar muka faɗa unguwar Darbul Ahmar. Lungu ne ƙanana, kafintoci, masu ɗinkin takalma, masu gasa burodi, yara na buga ƙwallo a gindin masallatan da suka haura shekara 600. Masu aikin lambun ba su tsaya a lambu ba, sun shigo unguwar sun gyara gidaje, sun koya wa 'ya'yan unguwa sassaƙar dutse da aikin katako, sun farfaɗo da makarantar Ummus Sulɗan Sha'aban da masallacin Aƙsunƙur, wanda ake wa laƙabi da shuɗin masallaci saboda tayil ɗinsa.

A wani lungu na tarar da wata matashiya a kan ƙarafan hawa gini, da farar riga irin ta asibiti, tana aiki a jikin wata tsohuwar ƙofar dutse. Na tsaya kallo. A hannunta ɗan burushi ne da bai fi na goge haƙori ba, da wata siririyar aska. Ta shafa wani farin kwaɓi a kan wurin da bai wuce tafin hannu ba, ta rufe da leda, ta koma inda ta shafa tun safe ta ɓare. Baƙin ɓawo ya biyo kwaɓin, ƙarƙashinsa sai ga dutse launin zuma, da lanƙwasar harafi a jiki. Rubutu ne. Ayar Alƙur'ani ce aka sassaƙa, baƙi ya rufe ta har ba a san tana nan ba. Yaron ya yi mata sallama ya tambaye ta mene ne baƙin. Ta ce hayaƙi ne. Gine-ginen nan da dutsen farar ƙasa aka yi su, farar wutar da ke cikin hayaƙin mota da na masana'anta in ta haɗu da raɓa sai ta ci fuskar dutsen, ta mayar da ita ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Ɓawon ya yi ta kama baƙi, wata rana ya ɓanɓaro ya faɗi, ya tafi da zanen da ke jikinsa. Daga ƙasa kuma ruwan kwatami yana hawa bango da gishiri, kamar yadda kanwa ke cin gindin katanga a gidajenmu. Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Abin da ke jikin dutsen nan, irinsa ne a nan."

Kafin ranar nan abu biyu nake ɗaukar su: gyaran kayan tarihi na masu yawon buɗe ido ne, gyaran iska na likitoci. A lungun nan na gane hayaƙin da ya sa Inna tari shi ne ya shafe ayar. Wanda ya sayi karan shinkafa a Sharƙiyya ya taimaki wannan ƙofa ko da bai taɓa ganin ta ba, matashiyar nan kuma da za ta gama yau a ci gaba da turnuƙe garin kamar da, aikinta ba zai daɗe ba.

Da yamma muka bi titin Mu'izz tun daga Babul Futuh, ƙofar da aka gina a 1087, har Bab Zuwaila ta 1092. Tafiyar kusan kilomita guda ce, amma ban san wani wuri da aka tara gine-ginen Musulunci masu yawa haka a taƙi ɗaya ba. Tun 1979 UNESCO ta saka tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya, sai dai a 2002 takardar ba ta hana motoci gogar bangon masallatai ba. Na tuna ina tsallake ruwa mai wari a gaban ginin Sarki Ƙalawun, ina manne da bango don wata akori-kura ta wuce. A 2008 aka kammala gyaran sashen arewa na titin, aka gyara magudanai, aka shimfiɗa dutse, aka hana motoci shiga da rana. Yanzu mutum na iya tsayawa a tsakiyar hanya ya ɗaga kai. Na shiga ginin Ƙalawun, wanda aka yi a 1284 zuwa 1285, makaranta da hubbare da asibiti a haɗe. Na ji wani abu a raina da aka ce min har yau akwai asibitin ido a harabar. Babura dai suna kutsowa, masu tallan tsaraba suna jan hannun riga, amma ana jin muryar ladan ba tare da ƙarar inji ta danne ta ba.

Masallacin Azhar kansa an gama masa babban gyara a 2018, farin marmaran tsakar gidansa har ɗaukar ido yake. Yaron ya gaya min a da ɗaliban kowace nahiya suna da nasu ɓangaren kwana da karatu da ake kira ruwaƙi, har da na mutanen Barno. Na yi raka'a biyu a inda ya haura shekara 1,000 ana sallah.

Fusɗaɗ, tsohon yankin da ke kudancin birnin, nan ma mun je, a gurguje. Majemun da suka daɗe a gindin tsohuwar gadar ruwa ta Majral Uyun, waɗanda warinsu da ruwan sinadarinsu suka addabi yankin, an kwashe su an kai Rubiki, can bayan gari. Tafkin Ainus Sira da na ji ana cewa da can juji ne an share shi, a bakinsa kuma ga gidan tarihin wayewar Masar, inda aka kai gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 na zamanin Fir'auna ranar 3 ga Afrilun 2021. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan ba ya cikin gilashi. A harabar akwai tsohuwar marina ta zamanin Faɗimiyyawa, ramuka zagayayyu jere, an killace su an rubuta bayani. Da na gan su sai na ce wa yaron, "Kai, ka ga Ƙofar Mata."

Akwai inda zuciyata ta sosu, ba zan ɓoye ba. Ranar Juma'a muka tafi Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar birnin, ziyarar Imam Shafi'i. Ƙubbar da aka gina a kan kabarinsa a 1211 an gyara ta, an sake buɗewa a 2021, katakon da ruwan zinaren sun fito kamar jiya aka yi. Amma a hanyar zuwa mun wuce ta inda katafila ta bi. Tun 2020 ake rushe sassan maƙabartar don faɗaɗa hanyoyi da gina gadojin sama. Na ga bangaye da aka yi wa alama da jan fenti, na ga ƙofar hubbaren wasu mutane tsaye ita kaɗai, bayanta fili. An ce iyalai su kwashe ƙasusuwan iyayensu zuwa sababbin maƙabartu a hamada, talakawan da ke zaune a cikin harabar kaburburan su ma an tashe su. A wannan yanki Imam Suyuɗi yake kwance, wanda ya rasu a 1505, wanda muke sauraron Jalalaini da hannunsa a ciki duk watan azumi, wanda ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Maƙabartar nan muna da haƙƙi a cikinta.

Hujjar da ake bayarwa ita ce rage cunkoso. Ni ban yarda ba. Garin da ya nuna ya san amfanin jirgin ƙasa, ya san amfanin hana mota shiga titin Mu'izz, bai kamata ya koma yana share wa mota hanya a kan matattunsa ba, kuma sabuwar gada motoci take ƙara kirawo. Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne 'yan ƙasar ba su yi shiru ba. Masana gine-gine da malaman tarihi sun yi ta rubutu, matasa na shiga da kyamara suna ɗaukar hoton kowane dutsen kabari kafin a kai gare shi. Na haɗu da biyu daga cikinsu, ɗaya na share ƙura da hannun rigarsa, ɗaya na karanta sunan mamaci da shekarar rasuwarsa da ƙarfi ana rubutawa a littafi. Ba wanda ya aike su.

Daren ƙarshe muka koma saman bene. Abokin nan ɗan Sharƙiyya ya zo sallama, ya nuna min hoton da ƙaninsa ya turo masa a waya: gonarsu bayan girbi, damman kara a jere har bakin hanya, wata tarakta na lodi. Na kirga takunkumina. Uku na yi amfani da su, ɗaya a Ramsis, ɗaya a tashar motar da muka bi zuwa Giza, ɗaya a Ƙarafa inda ƙurar rusau ke tashi. Bakwai ɗin na miƙa wa yaron. Ya ce, "Baffa, ka tafi da su mana, hunturu ya kusa a gida." Na ce a'a, ya ajiye, tunda shi ya gaya min a watan Maris da Afrilu iskar hamsin kan taso daga hamada ta mayar da sararin garin ja. Ya karɓa ya saka a aljihun jallabiyarsa, muka sauka haɗa kaya.